Matan Gambiya Da Riƙon Bakin Koginsu

Kogin Gambiya ya taso ne daga duwatsun Futa Jalon na ƙasar Gini, ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,100 kafin ya faɗa teku a Banjul. A inda kogi ya sadu da teku, ruwan daɗi da ruwan gishiri su kan gauraya, kuma sau biyu kowace rana teku ta kan turo ruwanta ciki, sa'an nan ta janye. A irin wannan wuri ne waɗansu itatuwa da a ke kira mangurof su ke tsirowa, saiwoyinsu a waje cikin taɓo. Kurminsu da ke bayan Banjul shi a ke kira Tanbi, faɗinsa ya fi kadada 6,000. Ƙananan kifaye a nan su ke girma kafin su fita teku, a jikin saiwoyin kuma kawa ta ke mannewa, watau wata 'yar halittar ruwa mai ɓawo biyu wadda a ke cin namanta.

Ɗibar kawa sana'ar mata ce, matalauta ƙwarai. Su kan shiga kwalekwale in ruwa ya janye, su ɓamɓaro ta, su dafa, su kai bakin hanya su sayar. Da masu ɗiba suka yi yawa, sai kowace ta shiga gaggawa kada wata ta riga ta. Aka riƙa kwasar ƙanana tun ba su ƙosa ba, waɗansu ma har saiwar su ke sarewa gaba ɗaya. Kawa ta ƙanƙance, tafiya nemanta ta ƙara nisa.

A shekarar 2007 wata mace mai suna Fatou Janha ta tara su cikin ƙungiyar da a ke kira TRY, wadda ta bunƙasa har ta haɗa mata fiye da 500 daga ƙauyuka 15. A wannan shekara kuma Gambiya ta yi sabuwar dokar kamun kifi, wadda ta ba Minista ikon keɓe wani yanki ya danƙa riƙonsa ga jama'ar wurin. Daga 2009 masana daga Jami'ar Rhode Island ta Amurka suka shigo aikin tare da ma'aikatan Gwamnati. Aka riƙa auna gishirin ruwa da ɗuminsa, da yawan ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, gama kawa ruwa ta ke tacewa ta sami abinci, in ruwan da ƙazanta, mai ci ne zai sha wahala. Su kuma matan suka kawo nasu sanin, don sun san kowane lungu na kurmin da lokacin da kawarsa ta ke ƙiba.

A shekarar 2012 Gwamnati ta sa hannu a kan shirin riƙon haɗin gwiwa. Aka ba ƙungiyar ikon ɗibar kawa a Tanbi, ita kaɗai. Matan suka yarda a rufe ɗiba wata takwas, a buɗe daga Maris zuwa Yuni, a bar ƙanana, a daina saran saiwa. Kawa ta girma, kuɗinta ya ƙaru a kasuwa.

To, mu a ganinmu abin lura shi ne yadda aka jera al'amarin. Da Gwamnati ce kurum ta buga doka ta ce a rufe wata takwas, wa zai tsare ta? Ma'aikacin daji guda nawa za a ɗauka su bi waɗannan lunguna cikin taɓo? Mace ba za ta bar ƙaramar kawa ba sai ta tabbata ita za ta dawo ta same ta babba. Ikon mallaka shi ya ba ta wannan tabbaci, awon masana kuwa shi ya ba Gwamnati hujjar da za ta amince. Duk wanda ya taɓa zaman ofis ya san bambancin dokar da aka aiko daga sama da wadda masu abin suka zauna suka yanka wa kansu.

Amma kada mu yi saurin yabo. Wata takwas ba sana'a ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciyar da 'ya'ya, ko da ya ke ƙungiyar ta shirya ba da ƙananan rance da koyar da waɗansu sana'o'i. Sa'an nan akwai abin da ya fi ƙarfin matan. Tanbi tana tsakanin Banjul da Serekunda, inda jama'a suka fi yawa a ƙasar, kuma da damina ruwa ya kan kwaso shara da ƙazantar gari ya zuba cikin kurmin. Wannan aikin hukumomin gari ne, takardar 2012 ba ta ba matan iko a kansa ba.

Duk da haka waɗansu sun ga abin koyi. A bakin Kogin Densu, yamma da Ankara ta ƙasar Ghana, masu ɗibar kawa sun kafa tasu ƙungiya, suka koyi auna ruwa da hannunsu, kuma a shekarar 2017 suka fara rufe ɗiba na wata biyar, daga Nuwamba zuwa Afrilu.