Kayan Gyaran Mota Masu Araha: Wanne Za A Saya, Wanne Za A Guje Wa?

 Wataƙila wani ya ce me ya haɗa mai harhaɗa magunguna da sifana da jak? Amsar tana kan kantar kemis. A can ne mai yankakken yatsa, da mai ƙunar ruwan lagireto, da uwar da ɗanta ya kurɓi wani abu daga gorar lemo suke fara tsayawa kafin su wuce asibiti.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, riƙe mota ya zama aiki ja. Magidanta da dama a nan Iku da Kwamba da Maje da Madalla a Abuja suke aiki, kullum suna bisa hanyar Zuba, don haka motarsu ko babur ɗinsu shi ne jarinsu. Shi ya sa yanzu ranar Asabar za ka ga mutum ya ɗaga bonet a ƙofar gida yana ƙoƙarin rage kuɗin bakanike. Wannan ba laifi ba ne, dabara ce. Kayan aikin ma ga su nan birjik a Kasuwar IBB, da wajen masu kayan mota a Zuba, da hannun masu gwanjo, har da masu talla a bakin titi.

Ƙa'idar da nake so mu riƙe guda ɗaya ce. Kafin ka sayi abu mai araha, tambayi kanka: idan ya lalace ana cikin aiki, me zan rasa? Idan kuɗi ne kawai, saya. Idan kuwa jiki ne zai biya, to araha ba ta ado.

Inda araha take da amfani

Na farko shi ne ma'aunin iskar taya. Ɗan ƙaramin abu ne da ke shiga aljihu, amma amfaninsa ya fi kuɗinsa. Adadin iskar da motarka ke buƙata yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba. A yawancin ƙananan motoci yana tsakanin 30 zuwa 35 ne a ma'aunin da masu faci ke amfani da shi. A auna da safe kafin a tuƙa, lokacin da taya take da sanyi. Tayar da iska ta yi wa kaɗan tana ƙara shan mai, tana ɗaukar zafi, kuma ita ce ke fashewa a kan kwalta da tsakar rana. In ka sunkuya auna iska, duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefen tayar: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan, ko da mai sayarwa ya rantse maka sabuwa ce.

Na biyu, sifanoni. Ba sai ka sayi akwati guda mai kaya ɗari ba. Yawancin notocin Toyota da Honda lamba 10 da 12 da 14 da 17 ne. Waɗannan huɗun, da filaya, da sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, sun ishi mai gida canza batir, da matatar iska, da ƙwan fitila. A nan tsohuwar sifana ta gwanjo mai nauyi a hannu takan fi sabuwa mai ƙyalli wadda ba ta da nauyi. Ka gwada ta a kan noti kafin ka biya. In tana wasa, za ta cinye kan notin, ta kuma zame ta fasa maka yatsu.

Na uku, mitar auna wuta. Lafiyayyen batir yana nuna kusan 12.6 idan mota tana kashe, idan kuma inji yana aiki ya nuna 14 ko kusa da haka. Da wannan kaɗai za ka gane ko batir ne ya mutu ko kuwa abin da ke cajinsa ne ya gaza, kafin a sa ka sayi sabo a banza.

Na huɗu, 'yar na'urar nan da ake kira OBD2, wadda ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ta aika bayani zuwa wayar hannu. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da wurin jona ta, kuma yawancin motocin da ake shigo mana da su na hannu suna da shi. Ba ta gyara komai, sai dai ta gaya maka dalilin da fitilar inji ta kama, ka je gareji da saninka.

Sai ƙananan abubuwa: tocila mai ɗaurawa a goshi, fiyus na ajiya, mazurari, da faffaɗan kwano na tarar baƙin mai. Game da fiyus, a mayar da mai lamba ɗaya da wanda ya ƙone. Naɗa waya ko takardar sigari a madadinsa hanya ce ta jawo gobara.

Inda araha ba ta ado

A kan gaba akwai jak. Wanda ke zuwa a but ɗin mota don canza taya kawai aka yi shi, ba don mutum ya shiga ƙarƙashi ba. Ƙaramar mota ta haura tan ɗaya, kuma ƙirjin ɗan Adam ba ya ɗaukar wannan nauyi ko na minti ɗaya. Duk mai son shiga ƙarƙashin mota sai ya nemi ƙafafun ƙarfe guda biyu da ake ɗora mota a kai, masu ɗauke da rubutun nauyin da suke iya ɗauka, ya kuma duba waldarsu da kyau. Bulon siminti ba madadinsu ba ne, domin yakan ruguje farat ɗaya ba tare da gargaɗi ba. A yi aiki a ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗa, a ja hambirki, a sa katako a tare tayoyi, a kuma tura safayar taya ƙarƙashin motar don ko ta kwana. Kada a shiga ƙarƙashin mota ba kowa a kusa.

Na biyu, wayar jona batir. Masu arahar roba ce mai kauri, amma in ka duba wayar da ke ciki 'yar siririya ce. Irin wannan tana zafi har ta narke a hannu. Batir kuma yana fitar da iska mai kama wuta, don haka babu sigari babu ashana a kusa da shi. Idan za a cire shi, a fara kwance kan da ke da alamar ragewa.

Na uku, tukunyar kashe gobara. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana neman ta a kowace mota tare da alamar gargaɗi mai kusurwa uku. Da yawanmu muna sayen mafi araha ne don kawai a nuna wa jami'ai a wuce. A duba allurar da ke kanta tana kan kore, a duba ranar ƙarewar aikinta kamar yadda ake duba ta magani.

Man birki ma yana cikin wannan sahu. A saye shi a rufe da hatiminsa, irin lambar da aka rubuta a murfin tankinsa. Na awo a kwalba ba abin yarda ba ne.

Mafi arha, mafi amfani

Abubuwa uku ne nake roƙon kowane mai gida ya fara saya: safar hannu, tabarau na kariya, da famfon roba na zuƙo mai. Wannan na ƙarshen shi zai raba mu da ɗabi'ar zuƙar fetur da baki ta tiyo. Haɗarin fetur ba a ciki yake ba kamar yadda yake a huhu. Ɗan kaɗan in ya sarƙe mutum ya gangara huhu yana haddasa kumburi mai tsanani, wanda wani lokaci sai bayan sa'o'i yake bayyana. Haka kuma wanke hannu da fetur yana busar da fata ya tsattsage ta. Sabulu da ruwa sun wadatar.

Ga uwargida: gubar da ke shigowa gida

Wannan ɓangaren ya fi shafar yara. Ruwan sanyaya inji mai launin kore ko ja yana da ɗan zaƙi, kuma yana lalata ƙoda. Sinadarin da ke cikinsa ɗan uwan wanda ya gurɓata maganin haƙoran yara na My Pikin ne a 2008, wanda hukumomi suka ce ya kashe yara 84 a ƙasar nan. Shi wancan sinadarin ana samunsa a wasu nau'o'in man birki. To ku dubi yadda muke zuba ragowar waɗannan ruwaye a gorar lemo mu ajiye a zaure. Yaro ɗan shekara biyu ba ya karatu, gora kawai ya sani. A bar kowane ruwa a mazubinsa na asali, a ɗaga shi sama ko a kulle.

Tsohon batir kuma yana ɗauke da ruwan asid da dalma. Mu a Jihar Neja mun san illar dalma, domin a 2015 ta hallaka yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi. Can haƙar ma'adinai ce ta jawo, amma gubar iri ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yara take taɓawa. Kada a fasa batir a gida, kada a bar yara su yi wasa da shi. A mayar wa masu saye. Baƙin mai ma a tara a jarka, kada a tuttular a kwata ya gangara Rafin Iku.

Haka nan kada a bar inji yana aiki a rufaffen gareji. Hayaƙin salansa da na janareta abu ɗaya ne: gubar da ke ciki ba ta da wari, tana farawa da ciwon kai da jiri.

Idan tsautsayi ya gitta

Yanka: a danne da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke da ruwa da sabulu, a sa aidin a rufe. Man birki da baƙin mai ba magani ba ne. Raɗaɗin da ake ji ba alamar warkewa ba ce, nama ne yake ƙonewa. Idan raunin ya yi zurfi ko datti, kuma an fi shekara biyar ba a yi allurar tetanus ba, a je a yi.

Ƙuna: kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce. In an ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai.

Ruwan batir a ido: a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 20, sannan a wuce asibiti.

Shan fetur ko ruwan inji: kada a sa mutum amai, kada a ɗura masa manja. A ɗauki mazubin a tafi da shi Babban Asibitin Suleja ko asibiti mafi kusa nan take, ko da yaron yana wasansa kamar ba abin da ya faru.

A ajiye bandeji da filasta da auduga da almakashi a mota. Amma ƙwayoyin magani kada su zauna a ciki, domin yawancinsu an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, motar da ta yini a rana kuwa ta wuce haka nesa ba kusa ba.

A ƙarshe, aikin birki da sitiyari da jakar iska da tukunyar gas na masu sana'ar ne. Kuɗin da ka rage a canza fiyus da auna taya, ka biya ƙwararren bakanike da shi a waɗannan, domin iyalinka ne za su shiga motar. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya tsare mu a gida da kan hanya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.