Kara ba shara ba ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai yin daddawa ya ga masana'antar sinadarai da idonsa. A dafa kalwa ta yi laushi, a surfe ta, a wanke, a zuba a ƙwarya, a lulluɓe da ganye a ajiye wuri mai ɗumi. Bayan kwana biyu ko uku hanci zai gaya maka aiki ya kammala. Ma'aikaciyar ba a ganinta, ƙwayar bakteriya ce da masana ke kira Bacillus subtilis. Kindirmo ma haka ne, wasu ƙwayoyin ke cinye sukarin madara su bar mana tsami.

Irin wannan aiki ake son ɗora wa ƙwayoyi irin waɗannan a kan ragowar gona. Cikin kara da totuwa akwai sukari, sai dai a ɗaure yake tamau. Sai an niƙa, an dafa da tururi ko ruwan asid, an kwance shi, sannan ƙwayoyin su ci su fitar da butanol da asiton na masu fenti, ko asid ɗin laktik da ake yin roba mai iya ruɓewa da shi. Dabarar ta daɗe. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Chaim Weizmann na Jami'ar Manchester ya sa wata bakteriya ta mayar da masara asiton, Birtaniya ta haɗa albarushi da shi.

Amma ƙwayar masara daban, karan masara daban. A 2015 kamfanin DuPont ya buɗe masana'anta a jihar Iowa ta Amurka don tatso galan miliyan 30 na etanol a shekara daga karan masara. A 2017 aka rufe ta. Kara kaya ne mai cika mota ba nauyi, tara shi da jigilarsa da adana shi duk kuɗi ne.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar "shara" da ake ta maimaitawa a kan ragowar gona. A garinmu kara bai taɓa zama shara ba. Da shi ake darni, da shi uwar gida ke hura wuta, ganyensa shanu ke ci har damina ta faɗi. Harawar wake kuwa ɗaure ta ake a ɗora kan bishiya, idan rani ya yi tsanani a sayar da ita da tsada. Ɗan abin da ya rage a gona shi ke ruɓewa ya ciyar da ƙasa. Ranar da masana'anta ta fara saye a kan farashi mai kyau, makiyayi ne zai fara ji a jikinsa, kuma mun san abin da rashin abincin dabba ke haifarwa tsakaninsa da manomi.

Ina goyon bayan wannan fasaha da zuciya ɗaya, amma a fara da abin da ake zubarwa da gaske. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, ga ɓawonsa nan tsibi-tsibi yana wari a bayan wuraren yin garin kwaki, alhali cike yake da sitaci mai sauƙin tsimawa. Ga tumatir da ke ruɓewa a Kadawa duk lokacin da ya yi kwantai. Masananmu na Samaru da Jami'ar Bayero, don Allah ku fara daga nan, ku bar wa shanu karansu.