Waƙa Ba Ta Da Fasfo, Amma Tana Da Mai Ita

Da muka je hutu gida Bagudo, mun leƙa Tsamiya, bakin iyakarmu da Jamhuriyar Benin. A rumfar cajin waya, yaro zai miƙa memori a cika masa da waƙoƙi da finafinan Kano, ya biya 'yan canji. Kafin la'asar memorin ya isa Segbana a aljihun ɗan kabu-kabu. Kwastan na iya tare buhun shinkafa, to wa zai tare waƙa? Mawaƙin kuwa ko sisi bai gani ba. Mu ma, kada mu yi ƙarya, wayoyinmu cike suke.

Abin ya tuna mana da Farfesa Ruth Okediji, 'yar Najeriya da ta karanta aikin lauya a Jami'ar Jos, take kuma koyarwa a Jami'ar Harvard ta Amurka tun 2017. Fanninta shi ne dokar haƙƙin mallakar fasaha. A ganinta, dole a kare wanda ya sha wahalar ƙirƙira, amma in aka garƙame ilimi gam, ƙasashe masu tasowa irin tamu ne za su ji a jika. Saboda haka a bar ƙofa ga makarantu da ɗakunan karatu da masu buƙata ta musamman.

Ba a baki ta tsaya ba. Tana cikin manyan masanan da suka tsaya wa Afirka wajen ƙulla Yarjejeniyar Marrakesh a Maroko a 2013. Yarjejeniyar ta halatta a mayar da littafi rubutun makafi ko sauti ba tare da jiran izinin mai shi ba, har a tura shi wata ƙasar da ita ma ta amince. Najeriya ta amince a 2017, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanadi hakan. Duk wanda ya taɓa zama aji ɗaya da makaho yana jira a karanta masa darasi ya san girman wannan.

Sai dai ƙofar ba ta kai rumfar caji ba. Dokarmu na kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar wanda ya tsara ta, kuma da yake Najeriya da Benin duk suna cikin Yarjejeniyar Berne ta 1886, haƙƙin ɗan Kebbi na bin waƙarsa har Segbana.

Ku da kuke tsara waƙa ko wasan kwaikwayo a makaranta, haƙƙinku yana somawa daga ranar da kuka rubuta ko kuka naɗa, ba sai kun yi rajista ba. Ku dai sa sunanku da kwanan wata a jikin takardar.