Lokaci Ya Yi Da Kontagora Za Ta Samu Gidan Tarihi



Duk ranar hawan sallah, ƙofar fadar Sarkin Sudan takan cika maƙil da dawakai, ga algaita, ga tambura. Amma ka tambayi matasan da ke ɗaukar hoto da waya dalilin da ya sa ake ce wa sarkinmu Sarkin Sudan, kaɗan ne za su ba ka amsa. Ba laifinsu ba ne, babu inda muka ajiye musu amsar.

Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya samu wannan sarauta daga Sakkwato a 1859, ya kafa garin nan a 1864. Manya sun ce sunan ya fito ne daga umarninsa ga jama'arsa, su kwantar da gora, an iso mazauni. A 1901 sojojin Turawa suka ci garin, Sarki Ibrahim Nagwamatse ya fita, aka maido shi gadon sarauta a 1903.

Kano na da Gidan Makama, Katsina na tunƙaho da hasumiyar Gobarau, Sakkwato na da Hubbare. Mu kuwa yawancin tarihinmu yana kan dattawa, maroƙa da makaɗan fada. Marigayi Sarki Sa'idu Namaska ya yi shekara 47 yana mulki kafin rasuwarsa a 2021, kuma tsararsa kullum raguwa suke yi. Duk wanda ya tafi, da abin da ya sani yake tafiya.

Shawarata ita ce masarauta, ƙaramar hukuma da masu hannu da shuni su ware ko da ɗaki biyu kusa da fada, a tara tsofaffin takardun ajami, hotuna, sulke da kayan doki. Malaman Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ɗalibansu su bi unguwanni suna naɗar muryar tsofaffi. A faɗi tarihin gaba ɗaya, har da yaƙe-yaƙe da kamen bayi, a kuma saurari abin da Kambari da Dukawa suka riƙe, domin su ma tarihinsu ne.

Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta. Allah Ya ja zamanin Sarki, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.