Mu Auna Kalma Kafin Mu Aika Takarda

Yawancin takardun da reshenmu ke aika wa hukumomin ilimi a Gusau da Turanci ake rubuta su, kuma mun lura kalma guda ta mamaye su: "concern".

Kalmar tana da muhallinta. Damuwa ce mai sauƙi, irin wadda malami kan ji idan littattafai suka yi jinkiri, ko rufin aji ya fara yoyo.

Amma abin da ya same mu ranar 26 ga Fabrairu, 2021, da aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe, tashin hankali ne, kuma "alarm" ce ta dace da shi. Da nauyin kalma jami'i ke auna gaggawa. Idan muka kira barazanar rai "concern", takardarmu za ta jira bayan ta neman alli. Idan kuma muka kira ƙarancin alli "alarm", ranar da haɗari ya zo ba mai saurarenmu.

Saboda haka muna roƙon shugabannin makarantu, daga Garbadu har Bakura da Maradun, su fara tantance abin da Hausa tukuna: damuwa ce, fargaba ce, ko tashin hankali? Sannan su zaɓi Turancinsa.