Turawa ba "time is money" kaɗai suka ce ba



Duk mai zama fada a ƴan shekarun nan ya lura da wani abu. Matasanmu da Faransanci suka yi lakkol, amma da zarar maganar kuɗɗi ta taso sai baki ya juya Ingilishi: "time is money", wai lokaci kuɗɗi ne, "money talks", wai mai kuɗɗi ke da ta cewa. Galibi ba a aji suka ɗauko su ba, daga TikTok ne, da waƙoƙin Najeriya, da masu tallar zuba jari a salula. Ni ba ni da faɗa da Ingilishi, harshen kasuwa ne, ku koye shi. Damuwata ita ce rabin magana muka ɗauko muka baro rabi.

Mu fara da "time is money". Wanda ya shahara da ita shi ne Benjamin Franklin na Amurka, wanda hotonsa ke kan takardar dala 100. A 1748 ya rubuta ta cikin nasiha ga wani matashi mai sana'a. Manufarsa ita ce, in kana iya samun wani abu a yini sai ka zauna rabin yinin ba aiki, to rabin kuɗɗin nan ka zubar. Kenan da zaman banza yake faɗa. Amma yau wa ke yawan faɗin ta? Wanda ya kwashe awa huɗu gaban butar shayi, in an ce ya je gaida mara lafiya ko ya tafi jana'iza, sai ya ce ba shi da lokaci. Haba ɗan'uwa!

Suna da wata kuma da ba a kawo mana ba: "keeping up with the Joneses", wato gasa da maƙwabta. Wani zanen barkwanci da ya fara fitowa a jaridun Amurka a 1913 ne ya yaɗa ta. Iyali ne ke wahalar da kansu don su kamo maƙwabtansu, gidan Jones, kuma mai zanen bai taɓa nuna ƴan gidan Jones ɗin ba. Ba haka muke yi da hotunan Facebook ba? Ka ci bashin jika ɗari biyu na biki don ka kamo wanda ba ka san ko motar aro ya jingina da ita ba. Kakanninmu sun ce kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Turawan nan dai su ke cewa kuɗɗi ba a kan itace suke tsirowa ba. Su ke cewa wawa da kuɗɗinsa ba sa daɗewa tare, kuma abin da ya zo a sauƙaƙe a sauƙaƙe yake tafiya. Mi ya sa mai tallar riba a WhatsApp bai taɓa karanto muku waɗannan ba? Don za su kashe masa kasuwa. Ku tuna MMM, tsarin ɗan Rasha Sergei Mavrodi, da ya yi wa maƙwabtanmu ƴan Najeriya alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata. A Disamba 2016 aka rufe asusun mutane, jama'a da yawa suka yi asarar jarinsu. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Saboda haka matasa, in za ku ari karin maganar wani ku aro ta da ƴan'uwanta. Wanda ya ce maka kuɗɗi na magana, tambaye shi daga ina ribar ke fitowa kafin ka tura masa ko dala. Iyaye kuma, ku riƙa tambayar yaranku ma'anar abin da suke faɗi.

Ku kuma mi kuka gani? Muna sauraren ra'ayinku. Allah ya ba mu na halak.