Ɗumamen Shinkafa Sai da Lura

'Yan uwana ɗalibai, ɗumame kafin a tafi makaranta akwai daɗi, amma na shinkafa sai da lura. Akwai ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta gamawa da ita. In shinkafa ta kwana a tukunya cikin zafi, sai ƙwayar ta hayayyafa ta saki guba. Ɗumamawa ba ta kashe gubar nan. Sai amai, wataƙila ranar jarrabawa.

Ku baza ragowar a faranti ta huce, ta shiga firiza cikin awa 1. Sau ɗaya ake ɗumamawa, har tsakiyarta ta yi tururi. In an ɗauke wuta ta narke ta kwana, a zubar. Babu firiza? A dafa daidai ci.